Jawabin zaman mako: Ciwon baya da gaɓoɓi, tsakanin tausa da asibiti

Kafin a buɗe akwati a fara zubi, ina so mu taɓa wata magana da ta shafi jikinmu, ta kuma shafi kuɗinmu.

Wace ce a nan ba ta taɓa wayar gari da ciwon ƙugu ba? Ga daka, ga surfe, ga tsugunno a bakin murhu, ga goyo, ga ɗibar ruwa. Jarka mai lita 25 idan ta cika, nauyin kilo 25 ne a kan wuyanki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a duniya. To kin ji, ba ke kaɗai ba ce, kuma ba jifa aka yi miki ba.

Yawancin wannan ciwo daga tsoka yake da jijiyoyin da ke riƙe gaɓoɓi, kuma yakan yi sauƙi cikin 'yan makonni. A nan ne tausa ke da amfani. 'Yarki ko kishiyarki ta shafa man kaɗanya a tafin hannu, ta murza naman da ke gefen ƙashin baya a hankali, kamar minti goma. Kada ta danna kan ƙashin kansa. In kin ji zafi mai soka, ta dakata. Daga nan a gasa wurin da tsumma da ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba. Amma sabon targaɗe mai kumburi, ruwan sanyi na randa yake so a kwana biyun farko. Kuma kada ki kwanta kwana da kwanaki. Tafiya kaɗan kaɗan da miƙa jiki sun fi doguwar kwanciya saurin kawo sauƙi.

Akwai wata hanya da wasunku suka gani a wayar yaransu, inda ake kwantar da mutum a danna masa baya har a ji ƙas. Sunanta kayirofuraktik. Wani mutum mai suna Daniel Palmer ne ya fara ta a Amurka a 1895, kuma a can sai an yi shekaru ana karatu kafin a ba mutum lasisin yin ta. Ƙarar da ake ji ba ƙashi ne ya koma mazauninsa ba, iska ce a cikin ruwan gaɓa, irin wadda kike ji in kin ja yatsa. Takan rage wa wasu ciwon ƙugu, kamar yadda tausa da motsa jiki ke yi. Ba ta maganin hawan jini, ciwon suga ko rashin haihuwa. Murɗa wuya da ƙarfi kuwa, ko da yake ba kasafai ba, yana iya yaga jijiyar jini ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Duk wanda ya zo ranar kasuwa ya ce zai ɓalla miki wuya, ki ce masa kin gode.

Yanzu ku saurara da kyau. Akwai ciwon da ba a taɓa shi da tausa, asibiti ake tafiya:

Idan ƙafa ta mutu ko ta yi rauni, ko fitsari da bayan gida suna zubowa ba ki sani ba, a tafi a ranar.

Idan ciwon bayan ya zo da zazzaɓi, rama, gumin dare ko tari mai daɗewa. Tarin fuka yana kama ƙashin baya.

Idan bayan faɗuwa ne ko haɗari.

Idan gaɓa ta kumbura, ta yi ja, ta yi zafi, ko mai ciwon tana da sikila.

Idan mai ciki ko mai jego ta ga sha'raɓarta ɗaya ta kumbura tana zafi. Yana iya zama gudan jini, murza shi na iya tura shi huhu.

Sai maganar ƙwayoyi. Ibuprofen da diclofenac suna rage zafi, amma shan su kullum yana jawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda. Mai ciki kada ta sha sai ma'aikaciyar lafiya ta ce. Tramadol kuma yana kama mutum ya kasa bari.

Ga inda maganar ta haɗu da akwatinmu. Mace kan ci bashin ƙungiya don sana'a, sai kuɗin ya ƙare a ƙwayoyin tebur da masu yawo da na'ura, ranar biya ta zo babu uwa babu riba, ga ciwon yana nan. Shawarata ita ce, wadda ta ga ɗaya daga alamomin nan ta faɗa wa shugaba, a fitar mata da kuɗin mota daga asusun taimako. A manyan asibitoci akwai sashen gashi, inda ƙwararru ke yin tausa su koya miki motsa jikin da ya dace. Masu matsalar ƙashi mai tsanani akan tura su irin asibitin ƙashi na Dala a Kano.

Daga yau, in za ki ɗaga kaya, ki durƙusa da gwiwa, ki jawo kayan jikinki, ko ki kira wata ta ɗora miki. Ruwan jarka a raba shi sahu biyu. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani. Ma'aji, a kawo makullai.