Wayar Da Ke Cikin Jikinmu

Jama'a, yau za mu yi magana a kan jijiyoyi. Ba na jini muke nufi ba, a'a, waɗansu ne farare masu kai saƙo, kamar wayar tangaraho.

Kowace jijiya damin zaruruwa ce. Kowane zare kuwa wutsiyar wata 'yar ƙwaya ce wadda ido ba ya gani. Ƙwayar tana da rassa masu karɓar saƙo, wutsiyar ita ke miƙa shi gaba.

In muka taka ƙaya, sai wata 'yar wutar lantarki ta taso daga fata, ta bi zare har lakar baya. A jijiya mai sauri takan ci mita 100 cikin daƙiƙa 1. Inda zare ya ƙare akwai ɗan giɓi, sai ya fesa wani ruwa ya ƙetarar da saƙon. Laka ta umarci tsoka, mu ɗaga ƙafa tun ƙwaƙwalwa ba ta ji zafi ba.

Ashe jin zafi mai gadinmu ne. Ƙwayar kuturta, wadda likita Hansen ya gano a Norway a 1873, jijiyoyin nan take ɓatawa. Mutum ya ƙone bai sani ba, miki ya cinye yatsu.

Saboda haka in muka ga tabo a fata wanda ba ya jin taɓi, mu tafi asibiti. Maganin wata 6 ko 12 yana kashe cutar. Amma jijiyar da ta mutu ba ta dawowa. Kada mu yi jinkiri.