Jawabin Magatakarda: Katin Lafiya Ba Ya Tsallake Iyaka

Ranka ya daɗe Shugaba, iyayenmu dattawa, Alhazai da Hajiyoyi, 'yan uwa fatake na albasa da goro da shanu, ina yi mana barka da zagayowar ranar ƙungiyarmu. An ba ni 'yan mintuna in yi magana, na zaɓi abin da ya fi cika littafin da nake riƙewa, wato karo-karon kuɗin asibiti.

Bari in fara da kaina. Shekarar da na baro Katsina na zauna a nan Kumasi, Alhajin da nake yi wa aiki ya ce in je in yi katin inshorar lafiya. Na ce to, na ci gaba da harkata, don ina ganin ƙarfina. Sai zazzaɓin taifot ya kwantar da ni. Gwaji, ƙarin ruwa, allura, gado, duk daga aljihuna, har sai da na taɓa jarin da aka ba ni amana. Da na warke na garzaya ofishinsu, aka ce sabon shiga sai ya jira wata guda kafin katin ya fara aiki. Ran nan na gane ba a fafe gora ranar tafiya.

Tun daga lokacin nake tambayar yadda abin yake a ƙasashen da muke zirga-zirga.

A Ghana an kafa tsarin a 2003. Yawancin kuɗinsa daga harajin kashi 2.5 cikin ɗari ne da ake ɗorawa a kan kaya. Ma'ana, duk wanda ke sayayya a ƙasar nan yana zuba wani abu a ciki, ko ya yi rajista ko bai yi ba. Abin da ɗan kasuwa ke biya a shekara kaɗan ne, kuma an ɗauke wa yara 'yan ƙasa da shekara 18, da masu shekara 70 zuwa sama, da mata masu juna biyu. Ana sabuntawa ta waya da *929#. Sai dai wani lokaci za a ce babu maganin, a rubuta maka ka saya a waje.

A Najeriya dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya, kuma jihohi irin su Kano suna da tasu hukumar. Kuɗin shekara na kowane mutum ya fi na Ghana nauyi. Za ka zaɓi asibiti guda, can za ka fara zuwa, su ne za su tura ka gaba idan abin ya fi ƙarfinsu. A tsarin tarayya kana biyan kashi 10 cikin ɗari na kuɗin magani.

A Nijar kuwa, ɗan kasuwa da jikkunansa yake zuwa likita. Tun 2006 gwamnati ta ce kyauta ne kula da yara 'yan ƙasa da shekara 5 da kuma fiɗar haihuwa, a 2024 kuma ta rage kuɗin asibitocinta da rabi. Duk da haka magidanci idan ya kwanta, shi zai biya.

To, ga inda gizo ke saƙar. Kowane kati a ƙasarsa kaɗai yake aiki. Bara wani ɗan uwanmu ya ɗauko albasa daga Galmi, ciwon ciki ya kama shi a cikin Burkina Faso, aka ce sai an yi masa aiki a daren. Katinsa na Ghana yana aljihunsa, bai ƙare ba, amma a can takarda ce kawai. Ni na kwana ina buga wa da yawa daga cikinku waya. Allah ya saka muku, an haɗa kuɗin, ya tashi. Amma kafin ya miƙe albasar ta ruɓe a mota. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, motar tana da inshorar da ke bin ta ƙasa-ƙasa, mai kayan ba shi da ita.

Saboda haka ina roƙon abu uku. Na farko, kowa ya yi rajista a ƙasar da ya fi kwana, shi da iyalinsa. Wanda takardun zamansa ba su cika ba ya same ni a ofis mu bi su tare. Na biyu, wanda ya bar iyali a gida ya yi musu nasu a can, kada ya dogara da aike bayan ciwo ya zo. Na uku, ina roƙon Shugaba da dattawa su amince mu buɗe asusun hanya, kowace mota ta ajiye wani abu ranar lodi, don wanda ciwo ya riska tsakanin iyaka da iyaka. Nawa za a riƙa ajiyewa, ku za ku yanke, ni nawa rubutawa ne.

Allah ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka, ya kai kowa gida lafiya.