LAUYAN ALAMAR KAYA: HORONSA DA AIKINSA

Jawabin yau ya shafi wata sana'a wadda ba a cika jin labarinta ba, ga shi kuwa dukiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu da yawa ta rataya a kanta. Sana'ar ita ce ta lauyan alamar kaya.

Alamar kaya ita ce suna, ko hoto, ko tambari, wanda mai sana'a ke sa wa kayansa domin a bambanta su da na wani. A kasuwanninmu mai saye yakan ce a ba shi mai zakara ko mai tauraro, ko da bai iya karatu ba, domin ya gwada ya ga ingancinsa. Wannan yarda ta mai saye dukiya ce wadda akan yi shekaru ana tarawa, amma mai yin jabu yana iya rushe ta cikin wata guda. Aikin lauyan alamar kaya shi ne ya kewaye wannan dukiya da katangar doka.

A Ingila wannan sana'a ce mai zaman kanta, da jarrabawarta da ƙungiyarta, wadda aka kafa a 1934. A Nijeriya kuwa lauyoyi ne suka fi riƙe aikin, domin lauya kaɗai ke da ikon tsaya wa wani a gaban kotu. Saboda haka wanda ke sha'awar sana'ar sai ya fara da karatun shari'a a jami'a, wanda yakan ci shekara 5. Daga nan ya wuce Makarantar Horon Lauyoyi ta Nijeriya, wadda aka buɗe a Legas bisa ga dokar 1962, yanzu kuwa hedkwatarta tana Bwari kusa da Abuja, da rassa a wurare kamar Legas, Inugu, Yola da Bagauda ta Jihar Kano. Bayan shekara guda, in ya ci jarrabawa, sai a karɓe shi cikin lauyoyi, a rubuta sunansa a Kotun Ƙoli. Duk da haka takarda ba ta isa ba. Lalle ne ya zauna ƙarƙashin wanda ya riga shi, ya ga yadda ake binciken rajista da yadda ake amsa ƙorafi, domin gani ga wane shi ke koya aiki.

Dokar da ke mulkin wannan fanni ita ce Dokar Alamun Kaya ta 1965. Ofishin rajista yana Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya. In ɗan kasuwa ya zo da alamarsa, abin da lauya zai fara yi shi ne bincike, ko wani ya riga ya yi rajistar irinta ko mai kama da ita. Sa'an nan ya zaɓi rukunin da ya dace, gama an kasa kaya da ayyuka kashi 45, watau 34 na kaya, 11 na ayyuka irin su sufuri da banki. Rajistar da aka yi wa sabulu ba za ta tsare takalmi ba. In Magatakardan ofishin ya karɓi takardar neman, sai a buga alamar cikin mujallar ofishin, a ba da wata 2 domin duk mai ja ya fito ya faɗi dalilinsa. In ba wanda ya ja, ko kuwa an saurari mai ja an ga ba shi da hujja, sai a ba da takardar shaida. Rajistar farko tana aiki shekara 7, bayan haka ana sabunta ta kowace shekara 14. Alamar da aka bari shekara 5 ba a yi amfani da ita ba, ana iya neman a soke ta. Kiyaye waɗannan ranaku yana cikin amanar da ke wuyan lauya.

Akwai wata shari'a da ta nuna amfanin natsuwa tun ranar cika takarda. Kamfanin Ferodo, mai yin birkin mota, ya kai kamfanin Ibeto ƙara a kan cewa kwalin kayan Ibeto ya yi kama da nasa wajen launi da zane. A 2004 Kotun Ƙoli ta yanke cewa sunan Ferodo shi ne alamar, zanen kwalin kuwa ado ne kawai, Ibeto kuma da wani suna dabam yake sayar da nasa. Ƙarar ta faɗi. Darasin a fili yake: abin da aka tabbatar cikin rajista shi doka ta fi tsarewa, saboda haka wajibi ne lauya ya tambayi mai kaya sarai abin da masu saye ke gane kayansa da shi. Irin waɗannan ƙararraki Babbar Kotun Tarayya ce ke fara sauraronsu.

Har ila yau, akwai kurakurai biyu da lauya ke gyara wa jama'a kullum. Na farko, rajistar sunan kamfani a Hukumar Rajistar Kamfanoni ba ita ce rajistar alamar kaya ba. Ofis dabam, doka dabam. Na biyu, rajistar Nijeriya iyakarta kan iyakar Nijeriya. Wanda ke kai kaya Nijar, Kamaru, Cadi ko Jamhuriyar Benin, sai ya nemi rajista a ƙungiyar OAPI mai hedkwata a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa. Rajista ɗaya a can tana aiki a ƙasashe 17.

Sana'ar tana bukatar mutum mai haƙuri da kaifin ido, mai kunnen da zai ji in sunaye biyu sun yi kama a bakin mai saye. A nan sanin harsunan gida babban jari ne, domin sunan da ya bambanta a rubuce yana iya zama ɗaya a furucin kasuwa. Sama da kome akwai riƙon amana, gama mai kaya yakan buɗe wa lauyansa asirin abin da bai riga ya fito da shi ba.

Saboda haka ana kira ga samari da 'yan mata masu karatun shari'a su dubi wannan fanni da idon basira. Ana kuma jan hankalin masu sana'a, manya da ƙanana, su nemi shawara tun kafin su buga kwali, domin rigakafi ya fi magani. Allah ya ba da sa'a. Wassalam.