Shirya Taron Ma'aikatan Lafiya a Ƙasar Daura: Da Wane Harshe?



An nemi in yi magana a kan yadda za a shirya taron ƙara wa juna sani na ma'aikatan lafiya har ya yi amfani. Ni malamin Hausa ne, don haka zan taɓo abin ta fuskar da na sani, watau harshe, kuma zan ɗauki ƙasar Daura ta zama misali.

Masarautar Daura ta ƙunshi ƙananan hukumomi 5: Daura da Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa. Likitoci a birni suka fi taruwa. Amma mai haƙuri na ƙauye, kafin ya ga likita ya riga ya bi ta hannun mutum biyu ko uku: malamin asibitin shan magani, ko ungozoma, ko wanzami, ko maɗori. To, kwamitin da ya zauna shirya taro, tambayar farko da ya kamata ya amsa ita ce, wa ake so ya koma gida da sabon ilimi? Idan likitoci ne kaɗai, Ingilishi ya isa. Idan kuwa ana son abin ya kai ɗakin mai jego, sai an sake shiri.

Ga dalili. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, cikinsu har da Farfesa Parry, sun yi bincike a kan ciwon zuciya da kumburi da ke kama mata bayan haihuwa. Suka danganta yawaitarsa da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, da yawan shan kunun kanwa. Bincike ne mai daraja, an kuwa buga shi da Ingilishi a mujallun likitoci. Amma wadda ke dafa ruwan, ta dama kunun, tsohuwa ce a cikin gida, ita kuwa ba ta karanta mujalla. Taron da zai tattauna irin wannan batu ba tare da ungozoma a zaure ba, shuka ce a kan dutse.

Kada kuma a zaci cewa da an ce a yi da Hausa magana ta ƙare. Sunayen cututtuka na Hausa ba su yi daidai-wa-daida da na likita ba. Kalmar shawara ta haɗa duk ciwon da ke sa ido ya yi ɗorawa, alhali a wurin likita cututtuka ne dabam-dabam, kowanne da maganinsa. Haka ciwon sanyi, haka basir. Shan-inna kuwa, sunan kansa ya riga ya yanke hukunci, don yana cewa Inna ce, iskar nan ta bori, ta shanye ƙafar yaro. Wanda ya gaskata haka, me zai kai shi wurin rigakafi? Saboda haka nake ganin wajibi ne, wata biyu kafin taro, a karɓi takardun masu jawabi, a zaunar da likita da malamin Hausa da gogaggen malamin asibiti su tsayar da kalmomin da za a yi aiki da su, a buga a raba wa kowa tun a bakin ƙofa.

Akwai wani abu da ya keɓanta da Daura. Iyakar Nijar na nan kusa, ta Kongwalam da Babban Mutum, jama'a na shiga suna fita kullum, sanƙarau da ƙyanda kuwa ba su tsayawa a duba musu takarda. Ma'aikacin lafiya na Magarya ko Matamaye da Faransanci ya yi karatu, namu da Ingilishi. Harshen da ya haɗa su, su da marasa lafiyarsu, Hausa ce. Taron da za a yi a kan annoba a bar su a baya, rabin aiki aka yi.

Sai lokaci. Da damina zazzaɓin cizon sauro kan cika asibitoci da yara, da bazara kuma ana fargabar sanƙarau. Ɗauke ma'aikaci daga bakin aikinsa a waɗannan watanni zalunci ne ga marasa lafiya. Bayan kaka, cikin sanyi, ya fi. A duba azumi, a duba Sallar Gani da ke cika Daura da baƙi, a kauce wa ranar kasuwar Mai'aduwa.

Game da fada, ba don ado ake gayyatar ta ba. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan-inna a Jihar Kano saboda zargin da ya bazu, ba a koma ba sai 2004, kuma tsoron jama'a na da nasaba da gwajin maganin da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996. Abin da ya taimaka wajen dawo da yarda shi ne shigowar sarakuna, musamman kwamitinsu da aka kafa a 2009 bisa jagorancin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, har aka kai 2020 aka tabbatar an kau da ainihin ƙwayar cutar daga Nijeriya. Don haka a ba hakimai da dagatai zama na musamman a cikin tsarin taron, a saurari abin da talakawansu ke faɗa a kan allura da asibiti. Kada a kira su buɗe taro kawai, su tashi kafin a fara maganar.

Na halarci tarurruka inda aka cusa takarda goma sha biyu a wuni ɗaya, jawaban maraba suka cinye hantsi, da yamma kowa hankalinsa ya koma kan kuɗin zama. Takarda huɗu sun isa, kowacce a bar mata sa'a guda ta tambaya. Mata ma'aikata da unguwarzoma a ware musu zama nasu, domin maganar yoyon fitsari da jinin haihuwa ba ta fitowa a gaban surukai. A ƙarshe a naɗa mutum biyu su rubuta matsayar taro da Hausa, shafi biyu kacal, a aika kowane asibitin ƙauye, a kuma karanta a rediyo kafin mako ya zagayo.