JIYYA A GIDA A KWANAKIN SALLA

Jawabi ga Hakimai da Malamansu na ƙasar Bagudo da bakin iyakar Benin

 

Maƙasudin wannan jawabi shi ne a jawo hankali ga wani mutum da akan manta da shi idan Salla ta ƙarato, watau wanda ya tashi daga ciwo, aka sallame shi daga asibiti, amma ƙarfinsa bai gama komowa ba. Mutane sun saba ɗauka cewa ranar sallama ita ce ranar warkewa. Alhali kuwa likita rabin aikin ya yi, sauran rabin yana wuyan mutanen gida. Kwanakin Salla kuma su ne kwanakin da wannan rabi na biyu ya fi lalacewa, gama gida ya cika da baƙi, abinci ya sake, hankalin kowa ya tafi ga ɗinki da yanka da yawon gaisuwa. Daga nan sai ciwon da aka kashe dukiya aka kora ya komo, sau da yawa ma ya fi na farko tsanani.

HALIN ƘASAR

Ƙasar Bagudo ƙasar ruwa ce. Kogin Kwara ya ratsa ta, ga fadamu, ga gonakin shinkafa, inda kuwa ruwa ya kwanta, sauro ya sami gida. A binciken zazzaɓin cizon sauro da aka yi a Nijeriya duka a shekarar 2021, an sami ƙwayar cutar a jinin yara 49 cikin 100 a Jihar Kebbi, babu jihar da ta kai haka. Wannan yana cikin dalilan da suka sa aka fara allurar rigakafin zazzaɓin a Kebbi da Bayelsa a watan Disamba na 2024. Ashe ke nan da wuya Salla ta zo ba ta tarar da mai murmurewa a unguwa ba.

Har wa yau Salla ba ta da lokaci ɗaya, kowace shekara takan ja baya da wajen kwana 11. A 2025 Ƙaramar Salla ta faɗo a ƙarshen watan Maris, tsakiyar bazara, lokacin zafi da ƙishirwa da sanƙarau. Babbar Salla kuwa ta zo a farkon Yuni, bakin damina, sa'ad da ruwan sha yake gurɓacewa, zawo da zazzaɓi suke tasowa. Kowace Salla da irin tsaron da take bukata.

Abu na uku shi ne iyaka. Tun yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 aka fara shata layin da ya bar Illo a wannan ɓangare, amma layin bai raba zumunta ba. Mutumin Lolo yana da dangi a Madekali, mutumin Tsamiya yana da surukai a Segbana, 'yan kasuwa kuma ba su rabuwa da Malanbil. Da Salla ake ƙulla wannan zumunci, mai murmurewa kuwa shi ya fi kowa ɗaukar nauyinsa a jikinsa.

MAGANI

Abu na farko da za a tsare shi ne kada a yanke magani don an ga sauƙi. Ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro da aka fi bayarwa, ana shan su sau 2 a rana har kwana 3, watau sha 6. Zazzaɓi yakan sauka tun ba a gama ba, amma wanda ya tsaya a nan ya bar sauran cutar a jininsa. An fi so a sha su da ɗan nono ko abinci mai maiƙo, domin haka ne jiki yake karɓarsu sosai. Wanda aka yi wa allura a asibiti saboda zazzaɓi mai tsanani, shi ma lalle ya cika ƙwayoyin kwana 3 ɗin a gida.

Maganin tarin fuka kuwa wata 6 ake sha, kyauta ake ba da shi a asibitocin gwamnati. Mai tsallake kwanaki saboda tafiyar Salla yana koya wa cutar taurin kai, har ta kai maganin farko ba ya cin ta. Masu hawan jini da masu ciwon sukari, su nasu maganin ba shi da ranar hutu.

Kamata ya yi kowane gida ya naɗa mutum ɗaya mai hankali wanda zai riƙa tuna lokacin sha, ko da yaron makaranta ne. A ɗaura lokacin da salloli, a ce bayan Asuba da bayan Magariba, sai ya zauna a kai. A kuma karɓo isasshen magani tun kafin jajibere, gama a ranakun hutu ma'aikata sukan ragu.

ABINCI DA RUWA

Cikin da ya sha ciwo ba ya ɗaukar lodi. A ba mai murmurewa abinci kaɗan kaɗan, sau da yawa a yini: kunun gyaɗa, koko, tuwo mai laushi da miyar ganye, romon kifi, ƙwai, wake, nono da aka dafa. Wanda zazzaɓi ya rage wa jini, hanta da zogale da nama dafaffe suna taimakonsa ƙwarai. Saboda haka ba a ce a hana shi naman layya ba. A dai zaɓar masa tsoka, a dafa ta lugub, a nisanta shi da kitse da soye mai yaji. Naman da ya kwana a zafi ba a soya ba, ba a shanya ba, kada ya kusanci bakinsa. Mai hawan jini a rage masa gishiri da kanwa da ɗanɗanon miya na kanti. Mai ciwon sukari kada a cika masa gaba da lemon kwalba da alewa da sunan kara.

Yaron da ya tashi daga ƙyanda ko zawo, a ƙara masa ci ɗaya bisa na kullum har mako 2, domin ya mai da abin da ya zube. Mai shan mama a ci gaba da ba shi. In zawo ya taso, a dama garin gishiri da sukari na asibiti. In babu, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali a ruwa lita 1 mai tsabta, a riƙa ba shi kurɓi kurɓi, a kuma nufi asibiti.

Ruwan kogi da na rijiyar da ba ta da murfi, a tafasa shi kafin a ba marar lafiya. Wadda ta tashi daga taifot tana iya ɗauke da ƙwayar cutar bayan ta miƙe, don haka kada a sa ta girkin tuwon Salla da za a rarraba wa maƙwabta sai likita ya yarda. Wanke hannu da sabulu bayan an zaga, da kafin a taɓa abinci, wajibi ne a kan kowa.

MASU DUBIYA

Dubiya aikin lada ce, babu mai hana ta. Amma mutum 30 in suka shiga ɗaki ɗaya a yini, kowa ya zauna, kowa a amsa masa "da sauƙi", to, majiyyaci ya yi aikin da ya fi noma. Ladabin dubiya shi ne a gajarta zama, a yi addu'a, a tashi. Maigida ya tsai da lokaci, misali bayan La'asar, sauran baƙi a karɓe su a zaure, a isar da gaisuwarsu ciki. Mai tari ko mura ya yi gaisuwa daga bakin ƙofa. In kuwa majiyyacin ne mai tarin fuka, a buɗe taga, kada a kai masa jarirai da ƙananan yara barka da Salla sai malamin asibiti ya ce ba komai.

Akwai kuma wata ɓarna da masu dubiya suke kawowa da kyakkyawar niyya. Kowa yakan zo da nasa magani, wannan saiwa, wancan ƙwaya a ƙullin leda. Mai kula da majiyyaci ya karɓa da godiya, ya ajiye, kada ya haɗa da na asibiti sai ya tambaya.

IBADA

Waɗansu sukan tilasta wa kansu azumi ko tafiya filin Idi don kunyar mutane. Addini bai ɗora musu wannan ba. Malamai sun sani marar lafiya yana da izinin ajiye azumi ya rama bayan ya warke, yana salla a zaune in tsayuwa ta gagara, yana taimama in ruwa zai cuce shi. Sallar Idi sunna ce, wanda ciwo ya tsare babu laifi a kansa. Layya kuma a kan mai hali take, ba a ce mutum ya sai da kuɗin maganinsa ya sayi rago ba. An ga misali a 2020, shekarar annobar korona, da aka dakatar da hawan Salla a manyan biranen Arewa, aikin Hajji ma aka taƙaita shi ga mazauna Saudiyya. In an jinkirta waɗannan manyan al'amura don tsaron rai, zaman mutum ɗaya a ɗakinsa ran Salla ba abin kunya ba ne. Yana da kyau Limamai su faɗi haka a huɗuba tun kafin ranar.

TAFIYA DA ƘETARE IYAKA

Wanda aka yi wa aiki a ciki, kamar na ƙaba ko na haihuwa, ba ya ɗaukar kaya mai nauyi, ba ya daka, ba ya jan guga har wajen mako 6, ko yadda likita ya ƙayyade. Hawan babur a hanya mai gargada, ko zama a kwale-kwalen da aka cika maƙil ran kasuwar jajibere, yana iya warware ɗinkin da aka sha wahala aka yi. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda bai je Madekali bana ba, ya aika da goro da gaisuwa, in Allah ya kai rai ya je baɗi.

In tafiyar ta zama tilas, a riƙe katin asibiti. Takardun asibitin Benin da Faransanci ake rubuta su, na Nijeriya da Ingilishi, sunan magani ɗaya kuma yakan bambanta a kwali. Mutum yakan karɓi magani a can, ya komo ya karɓi irinsa a nan da wani suna, ya sha ninki biyu bai sani ba. Maganin wannan shi ne a tafi da kwalin da katin duka a nuna wa ma'aikacin lafiya. A kuma tuna iyaka tana iya rufuwa ba shiri, kamar yadda aka yi daga Agusta 2019 har ƙarshen 2020. Wanda maganinsa yake hayin iyaka, ya sa a rubuta masa sunansa a asibitin gida.

Maganin tire da na bakin kasuwa abin gudu ne a ɓangarorin biyu. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa 1 cikin 10 na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marasa inganci. A shekarar nan kuma gwamnatin Benin ta kai samame kasuwar Dantokpa a Kwatano, ta kwashe magunguna masu ɗimbin yawa. A duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki a jikin kwali, a saya a kantin magani mai lasisi.

ALAMUN DA BA A JIRA

Akwai alamun da in an gan su ba a cewa bari Salla ta wuce: zazzaɓi ya komo, jijjiga, sanƙarewar wuya, aman da ba ya tsayawa, numfashi da ƙyar, kumburin ƙafafu ko fuska, fitsari baƙi, zubar jini, ɗinki ya yi ruwa, yaro ya ƙi mama ko ya yi laƙwas. Ko ana kan hanyar Idi ne, a juya a nufi asibiti mafi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu, su za su tura Birnin Kebbi.

AIKIN HAKIMI DA MALAMINSA

Talakawa suna duban abin da Hakimi ya yi fiye da abin da ya ce. Saboda haka ana roƙon Hakimai abubuwa 5.

1. Mako 2 kafin Salla, Hakimi ya tara Dagatai da masu unguwanni da Limamai a karanta musu wannan jawabi, a fassara wa waɗanda suka fi jin Fulatanci ko Dandanci ko Zabarmanci.

2. Malamin Hakimi ya tambayo asibitin gunduma wanda zai tsaya aiki a ranakun hutu, a sanar a masallatai da kasuwa.

3. Kowane Dagaci ya san gidajen da ke da mai murmurewa, musamman tsofaffi da gwauraye da marayu, a tabbata rabonsu na zakkar fid-da-kai da naman layya ya isa gare su. Malami ya tsare sirrin mutane, kada irin ciwon wani ya zama zancen dandali.

4. A shirya da mai mota ɗaya da mai jirgin ruwa ɗaya waɗanda za a iya tashinsu ko da tsakar dare, a ajiye lambar wayarsu a wurin mai unguwa.

5. Dagaci ko bafade da ba shi da lafiya, Hakimi ya ɗauke masa zuwa gaisuwar Salla da hawa, ya aika masa da cewa an yafe. In babba ya yafe, na ƙasa ba zai ji kunyar kwanciya ba.

In kuma aka ga mutane da yawa a gari ɗaya sun kwanta da ciwo iri ɗaya, zawo da amai ko sanƙarau, malami ya kai rahoto ga sashen lafiya na Ƙaramar Hukumar Bagudo ran nan, kada ya jira a koma aiki.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya saka wa masu jiyyarsu da alheri, ya nuna wa kowa Salla lafiya, ya maimaita ta shekaru masu yawa, amin.