Makaranta ta shigo ɗaki, wa zai karɓar mana goyo?

Ma'aji ta gama karanto lissafi, mun ji daɗi. Mu kuma an ce mu yi magana kan karatu daga nesa, wanda ake yi ta waya ko rediyo ko littafi ba tare da zaman aji kullum ba.

Abin ba baƙo ba ne a Kaduna. Duk wadda ta bi hanyar Zariya ta wuce Kawo ta san Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da aka kafa a 1976. Malaman firamare da yawa, har da wasu da ke zaune a nan, ta wannan hanyar suka samu NCE: littafi a gida, haɗuwa da malami ƙarshen mako. Jami'ar NOUN kuwa an buɗe ta a 1983, aka dakatar da ita a 1984, sai a 2002 ta dawo, kuma tana da cibiya a garin nan. ABU Zariya ma tana da nata sashen.

To me ya sa har yanzu 'ya'yanmu da aka aurar bayan sakandare ba su cika komawa ba? Lokacin korona, a 2020, mun ga amsar da idonmu. An rufe makarantu, aka koma darasi ta rediyo da talabijin. A gida ɗaya, yaro yana zaune da biro, yarinya tana wanke-wanke tana jiyo rabin darasin daga tsakar gida. Babbar waya guda ce, tana aljihun maigida, shi kuma sai bayan isha'i. Ga kuɗin data, ga ɗauke wuta. Masu nazarin zamantakewa sun daɗe suna faɗa cewa na'ura ba ta raba adalci da kanta: wanda ya riga ya samu lokaci da wuri da kuɗi, shi ya fi cin moriyarta. Mu ba sai an rubuta mana wannan ba.

Amma abin da ya fi damun mu shi ne kaɗaici. Wata 'yar'uwarmu, ba za mu kama suna ba, ta yi rajista, ta biya kuɗi daga ribar ƙuli-ƙulinta, ta yi zango biyu ta ajiye. Ba ƙwaƙwalwa ta rasa ba, wallahi ta fi mu lissafi. Cewa ta yi idan abu ya shige mata duhu da tsakar dare, ba wanda za ta tambaya, ranar jarrabawa kuma ba wanda za ta bar wa yara. A aji, ko malami bai lura ba, ƙawa za ta ce yau ba mu gan ki ba. A waya kuwa shiru kake ji.

Wannan ne wurin da ƙungiya take da abin yi, don ai mun san sirrin adashi: ba kuɗin ne ke tara kansa ba, kunyar ido ce da cigiyar juna. Shawararmu ita ce a ware wani abu daga ribar bana don rancen kuɗin makaranta da data, ba ruwa a kai. Masu karatu su riƙa haɗuwa a ofis duk Asabar bayan la'asar, tunda akwai sola, iyaye biyu su karɓi goyo bi da bi. Mazajenmu, roƙonmu ƙarami ne: awa biyu da izinin fita ranar jarrabawa.

Wadda take so, ko ita ko 'yarta ko surukarta, ta ga sakatariya kafin a raba abinci, littafin yana kan tebur. Za mu kaɗa ƙuri'a kan adadin kuɗin a taron wata mai zuwa.