BAYAN LIKITA YA SALLAMI MAJINYACI
Jawabin da aka gabatar a Sujadar Godiya ta Bikin Cika Shekara Hamsin

 

An roƙe ni in yi magana a kan ikilisiya da masu doguwar jinya. Batun yana da faɗi, lokaci kuwa kaɗan ne, saboda haka zan ɗauki ciwo guda ɗaya, watau kuturta, gama tarihin masu bi a ƙasar Kano ba ya rabuwa da ita. Ma'aikatan lafiya na yau suna roƙo a daina kiran mutum kuturu, a ce wanda ya yi fama da cutar kuturta. Ina goyon bayansu. Inda tsohuwar kalmar ta fito daga bakina, tarihi ne ya jawo ta.

Matasa da yawa ba su san cewa a 1937, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, hukuma ta danƙa wa mishan ta SIM jinyar kutare a lardunan Kano, Katsina da Sakkwato ba. Wuraren nan uku da muke jin sunansu, Yadakunya a nan Kano, wadda mutanen gari suka fi sani da Asibitin Bela, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato, duk a hannun mishan suka yi ƙarfi, har gwamnati ta karɓe su cikin shekarun 1970. Waɗansu daga cikin masu bi na fari a ƙasar Hausa a can suka koyi karatu, a can suka koyi aikin shan magani, waɗansu kuma suka fito suka zama masu bishara. Akwai iyalai da ke zaune a gabana yau waɗanda kakanninsu suka bi ta wannan ƙofa. Ba zan nuna kowa da yatsa ba, amma ina so su sani wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Ku saurari sunan wurin ma da kyau: ya da kunya.

Maganin wancan zamani allurar wani mai ne da ake samu daga 'ya'yan wani itace na ƙasar Indiya. Tsofaffin da suka sha ta sun gaya mini zafinta ba ya misaltuwa, amfaninta kuwa kaɗan ne. Wajen ƙarshen shekarun 1940 Dokta John Lowe, a Uzuakoli can Gabashin ƙasarmu, ya nuna cewa ƙwayar dabson da ake haɗiya tana aiki. Wannan babban sauƙi ne, sai dai mutum yakan sha ta shekaru da yawa, wani har iyakar ransa, daga baya kuma cutar ta fara jin ƙarfin maganin. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a haɗa magunguna uku, dabson da rifamfisin da kulofazimin. Tun 1995 kyauta ake ba da su ko'ina a duniya. Yau mai ƙaramin ciwo wata 6 yake sha, mai babba wata 12, ya warke sarai. A 1998 Nijeriya ta kai matsayin da masu cutar ba su kai mutum ɗaya cikin 10,000 ba.

Da jin haka sai mutum ya ce magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. A 2023 an sami sababbin majinyata fiye da 2,000 a ƙasar nan. A 2024 kuma maganin ya yanke kusan shekara guda, sai a watan Maris na 2025 ya iso, mutane suna zaune suna kallon hannuwansu suna lalacewa alhali maganin kyauta ne. Amma ko da magani yana nan, akwai abin da ƙwaya ba ta iya yi, a kansa kuwa nake so in daɗe.

Ina da wani aboki dattijo, baduku ne, Musulmi, mutumin unguwar Sheshe cikin birni. Takalmi ne ya haɗa mu, yau fiye da shekara talatin, shi ne kuma ya ba ni izinin faɗin labarinsa ba tare da suna ba. Abin ya fara masa da wani tabo mai haske a gadon baya, ba ƙaiƙayi, ba zafi. Wannan ita ce yaudarar cutar, gama ciwon da ba ya hana barci ba a kai shi asibiti. Aka ce makero ne, aka ce sammu ne, aka sayo saiwoyi a Kasuwar Kurmi, aka kira wanzami. Shekara uku ana wannan. Ranar da hankalinsa ya tashi ita ce ranar da ya ga jini a kan fatar da yake ɗinki, ya duba, ashe basilla ce ta huda masa yatsa bai ji ba.

Wani malamin asibiti ne ya shafa masa auduga a kan tabon, ya ce ya rufe ido ya nuna inda aka taɓa. Bai iya nunawa ba. Aka tura shi Yadakunya. A lokacin masu babban ciwo wata 24 suke shan magani, kowane wata kuma sai mutum ya je da kansa ya haɗiye na ranar a gaban ma'aikaci, sa'an nan a ba shi na gida. Ya ce mini tafiyar ba ta taɓa gajiyar da shi ba, ƙaryar ce ta gajiyar da shi, domin kowane wata sai ya ce wa maƙwabta zai je ƙauye sayen fata. Ɗaya daga cikin magungunan yana sa fitsari ya yi ja, ɗaya kuma yana sa fatar jiki ta yi duhu. Na farko ana iya ɓoye shi, na biyu ba ya ɓoyuwa. Cikin birni kuwa, inda lungu ɗaya ne kowa ke bi, katanga kuma tana jin tarin maƙwabci, kafin wata shida magana ta zaga. Masu kawo aiki suka ragu. Dangin matarsa suka zo suka tafi da ita da yara biyu. A gidan da aka haife shi aka ware masa kwano da buta.

Ya ce sau biyu ya yi niyyar barin maganin, wai don fatarsa ta koma yadda take. Da ya bari, da yanzu wani labari nake ba ku. Abin da ya riƙe shi wansa ne. Wan nan ya bi shi asibiti wata rana, ya tsare ma'aikaci da tambayoyi, aka gaya masa cewa wanda ya fara shan magani ba ya ɗora wa kowa. Da suka dawo, da magariba aka fito da tuwo zaure, mutanen lungu suna zaune, sai ya janyo kwanon ƙanensa ya juye a nasa, ya ce, “Malam, matso mu ci.” Bai yi wa kowa wa'azi ba. Haka ya yi ta yi kowace rana har maƙwabta suka gaji da kallo. Bayan an sallame shi, wan ne ya ɗauki takardar sallama ya kai wa surukai, aka mayar da matar.

Abokin nan nawa ya warke tun da daɗewa, amma yatsunsa biyu na hannun hagu sun lanƙwashe, tafin ƙafarsa kuma ba ya ji har yau. A nan ne mutane da yawa suke kuskure. Suna tsammani cutar ce take cinye yatsu. Dokta Paul Brand, wanda ya yi aiki a Vellore ta ƙasar Indiya, ya nuna cewa ba haka ba ne. Ƙwayar cutar jijiya take kashewa, sai wurin ya daina jin zafi. Mace ta ɗauki tukunya daga murhu ta ƙone ba ta sani ba. Namiji ya yi yini da tsakuwa cikin takalmi. Rauni ya zama gyambo, gyambo ya kai ƙashi. Saboda haka wanda kuka gani da naƙasa, sau da yawa babu sauran ƙwayar cuta ko ɗaya a jikinsa, tabon yaƙi ne kawai yake ɗauke da shi.

Ga aikin da dattijon nan yake yi kowace safiya bayan ya dawo daga masallaci. Yana jiƙa ƙafafunsa cikin ruwa kamar minti 20, ya goge kanta da dutse a hankali, ya shafa man kaɗanya tun ƙafar tana da danshi, sa'an nan ya duba tafin da madubi ko akwai ja ko tsagewa. In ya ga rauni, ranar ba shi ba tafiya. Ba ya taka ƙasa ba takalmi, ko daga ɗaki zuwa tsakar gida. Takalmin da kansa yake ɗinkawa, mai laushi a ciki, babu ƙusa ko ɗaya, yana kuma ɗinka wa waɗansu irinsa. Shekara talatin ke nan, kuma ba ranar hutu. Likita ya yi nasa cikin wata 24, sauran aikin na majinyaci ne da mutanen gidansa.

Yanzu bari in juyo gida, ku yi haƙuri da ni. A wata ikilisiya da na taɓa yin hidima, akwai wata uwa da ta warke tun kafin a haifi yawancin mawaƙanmu. Ba wanda ya taɓa korarta. Amma a bencin ƙarshe take zama, bakin ƙofa, kuma ko ɗakin sujada ya cika akwai fili a gefenta. In an yi bikin Zumuntar Mata, sai a ce Mama ki huta, kada ki wahala da girki, ita kuwa ta san abin da ake nufi. Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne ranar da iyayen wani saurayi, masu bi, suka janye maganar auren 'yarta, wai ciwon gado ne. Ba gado ba ne. Tun 1873 Dokta Hansen na ƙasar Norwe ya ga ƙwayar cutar da madubin likita. Ba sammu ba ne, ba cin kifi da nono ba ne. Ana ɗaukarta ta numfashi, bayan doguwar zama tare da wanda bai fara magani ba, kuma cikin mutum ɗari, wajen 95 jikinsu yana kashe ta da kansa. A ganina, wan abokina na Sheshe ya fahimci wannan al'amari fiye da waɗancan iyaye masu riƙe da Littafi Mai Tsarki a hammata.

Wani zai kawo mini hujja da Littafin Firistoci. Ku koma ku karanta sura 13 da 14 a natse. Za ku ga abin da ake kira kuturta a can yana kama tufafi, yana kama bangon gida. Kalmar ta haɗa cututtukan fata iri-iri har da fumfuna, ba wannan ciwo kaɗai ba. Ku kuma lura da abin da Ubangijinmu ya yi a ƙarshen sura ta fari ta Markus. Ya taɓa mutumin da hannu, bayan ya warkar da shi kuma ya aike shi wurin firist. Me zai yi a wurin firist, tun da ya riga ya warke? Domin a shaida a gaban jama'a ne, ya koma gidansa, ya koma kasuwa, ya zauna cikin mutane. Wannan sashe na aikin ba a asibiti ake yinsa ba.

Abin da na faɗa bai tsaya ga kuturta ba. Mai ciwon sukari ma ƙafarsa takan mutu, kulawar kuwa kusan iri ɗaya ce. Mai tarin fuka wata 6 yake shan magani, yakan so ya bari da zarar tari ya lafa. Uwar yaro mai sikila ta san kowane benci na Asibitin Murtala. Mu kuwa mun iya gaisuwar mako na fari: a cika ɗaki, a kawo lemo, a yi addu'a. A wata na takwas, sa'ad da kuɗi suka ƙare, mai jinya ta gaji, ba ka ganin takalmin kowa a ƙofar gidan.

Saboda haka ina da roƙo ga dattawa. Cikin baikon wannan biki a ware wani abu domin kuɗin motar masu zuwa karɓar magani kowane wata, gama na ga mutanen da suka fasa magani na kyauta saboda kuɗin mota. A sayi takalma masu laushi ga waɗanda ƙafarsu ba ta ji. Zumuntar Mata da ta Maza su rubuta sunayen masu doguwar jinya, kowane ɗaya a ba shi mutum biyu da za su riƙa leƙa shi har ƙarshe, ba tare da an tambayi addininsa ba. Wanda ya ga tabo mai haske a jikinsa ko a jikin ɗansa, a shafa auduga, in ba ya ji a tafi asibiti cikin makon nan, domin jijiyar da aka kama da wuri takan farfaɗo, mutanen gidan ma a duba su. Lahadin ƙarshe na watan Janairu ita ce ranar tunawa da masu cutar kuturta a duniya, tun 1954. Ina roƙon a sa ta cikin kalandar ikilisiya, a ɗauki mota a je Yadakunya, kuma kada a ajiye buhun shinkafa a bakin ƙofa a juyo. A shiga, a zauna a tabarmarsu, in sun kawo ruwa a sha.

 Ubangiji ya albarkace ku duka. Amin.